Neman Sawun Kakan da Ya Tafi Bai Dawo Ba

Da wuya ka sami tsohon gida a Kano, Katsina, Zazzau ko Damagaram da ba shi da labarin wani da ya fita bai dawo ba. Wani ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, wani ya nufi Gabas da niyyar sauke farali, wani kuma sojan Bature ya shiga. Abin da ya rage a bakin tsofaffi bai wuce suna guda da 'yan "an ce" ba. Idan jika ya tashi nema, yakan je ma'ajiyar tarihi mafi kusa, ya duba sunan, ya rasa, sai ya yanke cewa kakanninmu ba a rubuta su ba. An yi gaggawar yanke wannan hukunci. Wanda ya yi ƙaura ya fi wanda ya zauna gida barin sawu a takarda, sai dai sawun yana can inda ya yada zango, kuma sunansa shi ne mafi raunin abin da za a riƙe a nemo shi.

Hukuma ba ta rubuta mutum don ƙauna. Tana rubuta wanda take karɓar kuɗinsa, ko take biyansa, ko take tsoronsa, ko take yi wa shari'a. Manomin da aka haifa ya rasu a ƙauyensu adadi ne kawai a ƙidayar haraji, kuma rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka bari, waɗanda ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, sun fi cika da yawan magidanta da shanu da salsalar hakimai. Baƙo kuwa kullum yana gaban wani mai alƙalami: a bakin iyaka, a ofishin ɗaukar soja, a wurin rabon fili a zango, ko a gaban alƙali ranar da ya mutu nesa da magadansa. Don haka tambayar farko ita ce: wace hukuma ce ta sami dalilin rubuta shi, a wane gari, da wane harshe?

Ɗauki hanyar Gabas. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau. Bayansu maniyyata suka yi ta bi ta Maiduguri, Fort-Lamy, Abeche, El-Geneina da El-Fasher zuwa El-Obeid, su ƙarasa Suwakin su haye teku zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce, guzuri na ƙarewa a tsaya a yi ƙwadago, kuma da aka buɗe gonakin auduga na Gezira a 1925 da yawa sun tsaya tsayawar da ta zama zama. Mutum ɗaya a wannan hanya ya ratsa hannun Ingilishi, da na Faransa, da na gwamnatin Sudan. A can ba Bahaushe za a kira shi ba, Fallata ne ko Takari. Za a ce ai dubban maniyyata sun kauce wa hanyar hukuma don gudun kuɗin fasfo da killacewar lafiya, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya zille wa jami'in iyaka bai zille wa shehun unguwar da ya sauke shi ba, bai zille wa alƙalin da ya raba gadonsa ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya toshe hanyar ma'ajiyar Khartoum, sai dai wani ɓangare na takardun jami'an mulkin mallaka na Sudan yana Jami'ar Durham a Ingila.

Hanyar Gwanja ta fi koya wa mai nema haƙuri, domin a can garuruwa da iyakoki ne suka yi ta motsi. Yaƙin basasar Salaga, a ƙasar Gwanja, na 1892 ya watsa fatake, da yawa suka koma Kete-Krachi, ciki har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934. Kete-Krachi na ƙarƙashin Jamus har 1914, sannan Ingilishi, sannan Ghana daga 1957, kuma tafkin Volta ya cinye tsohon garin bayan gina madatsar Akosombo. Ke nan mutum bai gusa daga ƙofar gidansa ba, amma an rubuta shi da Jamusanci, da Ingilishi, da Larabci ko ajami a wurin liman. Wanda ya tsaya ga ma'ajiyar Accra kaɗai, bai leƙa rassanta na Kumasi da Tamale ba, bai je gidan Sarkin Zango ba, rabin aiki ya yi. Ga kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta raba gidaje kashi biyu, wasu suka dawo, wasu suka zauna.

Matsalar suna ita ce babba. Bahaushe na da sunan yanka, da laƙabi, da sunan rana, kuma ba shi da sunan dangi tsayayye irin na Turawa. Abubakar ɗin da ake nema yana iya fitowa Garba a takarda ɗaya, Bukari a wata, Aboubacar a ta Faransa. Muhammadu na zama Mamman, Mahama ko Momodu, gwargwadon kunnen akawu. A rajistar soja an saba haɗa wa mutum sunan gari, kamar a ce Musa Kano, kuma "Kano" ɗin na iya nufin birni, ko masarauta, ko inda aka ɗauke shi kawai. Ko kalmar "Hausa" a rundunar Gold Coast (Ghana ta yau) ta shafi kusan duk sojan da ya fito daga arewa yake jin harshen. Abin da ke riƙe mutum shi ne haɗuwar alamu: lambar soja idan akwai lambar yabo ko takardar sallama a ƙasan adaka, sunan uba, sana'a, maigidan da ya sauke shi, asali irin su Agalawa ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, da tsagar fuska. Rajistar bayin da aka kuɓutar a Freetown tun 1808 ma ta rubuta tsayi da zanen fuska, abin da ya fi sunan da aka karkatar amfani.

Wasu za su ce takardar Bature ƙarya ce ta mai mulki, abin da tsofaffi suka faɗa ya isa. Wasu kuma su ce zancen baka tatsuniya ce. Kowanne ya riƙe rabin gaskiya. Akawu na kuskuren suna da shekarun haihuwa, amma bai cika kuskuren ranar da ya yi rubutun ba. Tsohuwa ba ta san shekara ba, kuma alkunya na iya hana ta ambaton sunan miji ko ɗan fari, amma ta san cewa ya tafi "zamanin Abbas", wato Sarkin Kano Abbas, tsakanin 1903 da 1919, ko "shekarar Kakalaba", shekarar yunwar da ke kai mu 1913 zuwa 1914, ko bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wannan shi ke rage ɗakin takardu ya koma kundi biyu ko uku. Saboda haka daga bakin tsofaffi ake farawa, da na'urar ɗaukar magana, tun suna da rai, a bi ta wurin da kakan ya mutu a dawo baya zuwa inda ya taso.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi, wato tsoron tono abin da gida ya binne. Ba kowane mai tafiya ne falke ko alhaji ba. Wani bashi ya kore shi, wani haraji, wani kuma sayar da shi aka yi, wani daga hannun ubangiji ya gudu ya shiga soja da sabon suna. Wannan dalili ne na yin hattara da abin da za a yaɗa, da shawartar manya kafin a buga, amma bai isa ya hana nema ba, tunda a ɗaya ƙarshen hanyar akwai jikoki a Wad Madani ko Kumasi da ke da haƙƙin zumunci. Gwajin ƙwayoyin gado da ake tallatawa yanzu na iya nuna cewa mutum biyu jini ɗaya ne, amma ba zai faɗi sunan unguwa ko dalilin tafiya ba. Mata ne suka fi ɓacewa a duk waɗannan takardu, domin ba a ɗauke su soja ba, sau da yawa kuma a ƙarƙashin sunan miji suka yi tafiya. Inda aka fi samun su da sunansu shi ne littafin alƙali, a shari'ar aure, saki da rabon gado, kuma da yawa daga waɗannan littattafai da Larabci aka rubuta su, don haka mai neman kakarsa zai buƙaci malamin da ya iya karanta rubutun hannu na warash.