Tsutsotsi Masu Gashi Na Tekun Antaktika: Yadda Masana Ke Rarrabe Su

Ruwan tekun da ya kewaye nahiyar Antaktika yakan yi sanyi har ya kai digiri 1.9 ƙasa da sifili kafin ya daskare, saboda gishirin da ke cikinsa. Duk da wannan sanyi, ƙasan tekun cike yake da rai. Idan masu bincike suka debo taɓo daga can, cikin dabbobin da suka fi yawa a ciki akwai tsutsotsi masu gashi, waɗanda masana ke kira Polychaeta. An san fiye da iri 10,000 nasu a tekunan duniya, kuma dangin tana ne da matsattsaku da muka saba gani a gona da bakin rafi.

Jikin tsutsar gaɓa-gaɓa ne, jere daga kai zuwa wutsiya. A gefen kusan kowace gaɓa akwai wasu 'yan fiffike biyu na nama, ɗaya dama ɗaya hagu, da take rarrafe ko iyo da su, wasu ma da su suke numfashi. Daga jikin fiffiken ne gashin ke tsirowa, gashi mai tauri da aka yi da irin sinadarin ɓawon ƙwari. A madubin likita za a ga wani gashin sumul ne, wani mai ƙugiya a baki, wani mai haƙora jere. Waɗannan ƙananan siffofi, tare da yawan gaɓoɓi da siffar kai da muƙamuƙi, su ne abin da masani ke dubawa kafin ya ce ga sunan tsutsa.

A duba Eulagisca gigantea, wadda masanin Ingila Monro ya bayyana a 1939. Tsawonta kan kai santimita 20, faɗinta kuma kusan santimita 10, gefunanta cike da gashi mai ƙyalli ruwan zinariya. Bayanta rufe yake da ɓawo 15 a kowane gefe, kwance kan juna kamar jeren kwanon rufi. Abin da mutane ke zaton kanta ne a hoto, mai manyan haƙora, maƙogwaronta ne. Yana naɗe a cikin jiki, sai ta tashi kama abinci ta turo shi waje, muƙamuƙan da ke bakinsa su cafke abin, sannan ta janye shi ciki. Wannan ɓawo na baya shi ya sanya ta cikin iyalin Polynoidae.

Akwai kuma waɗanda da ƙyar za a yarda tsutsotsi ne. A 2013 masana suka bayyana Osedax antarcticus da Osedax deceptionensis, bayan sun ajiye ƙasusuwan dabbar wel a ƙasan tekun suka dawo suka tarar da su a manne. Ba su da baki, ba su da hanji. Macen kan soka wasu saiwoyi cikin ƙashi, ta narkar da shi da ruwa mai tsami, bakteriyar da ke zaune cikin saiwoyin su taimaka mata cin abin da ke ciki. Mazan kuwa 'yan mitsil-mitsil ne, suna zaune cikin kwanson macen, aikinsu haifuwa kawai.

Tun ƙarni na 19 aka raba waɗannan tsutsotsi gida biyu: Errantia, masu yawo da farauta, da Sedentaria, masu zama wuri ɗaya cikin rami ko bututun da suka gina da laka, yashi ko alli, suna tace abinci daga ruwa ko taɓo. Jirgin binciken Ingila, Challenger, da ya zaga tekuna daga 1872 zuwa 1876, ya kwaso da yawa daga kudu, William McIntosh ya fitar da bayaninsu a 1885. Daga baya Olga Hartman, masaniya daga Amurka, ta tattara na Antaktika cikin littattafai biyu a 1964 da 1966, ɗaya kan masu yawo, ɗaya kan masu zama. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2011 ya ƙarfafa wannan rabo, ya kuma nuna cewa tana da matsattsaku reshe ne da ya fito daga cikin Sedentaria.

Binciken ƙwayoyin gado, wato DNA, ya kuma tona wani abu. Tsutsotsin da ido da madubi suka ɗauka iri ɗaya ne, aka ba su suna guda daga Antaktika har wasu tekuna masu nisa, sau da yawa sai a tarar iri daban-daban ne masu kama da juna. Dalili kuwa, wata babbar igiyar ruwa da ke zagaye Antaktika daga yamma zuwa gabas ta raba wannan teku da sauran tun miliyoyin shekaru, dabbobin ciki suka kama hanyarsu ta daban.

Nan ne amfanin wannan aiki mai cin rai yake. Tsutsotsin nan suna juya taɓon ƙasan teku, suna cinye matattun abubuwa, kifaye kuma suna cin su. Yankin Antaktika da ke fuskantar Kudancin Amurka na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. In aka haɗa iri uku ƙarƙashin suna ɗaya, biyu za su iya ƙarewa saboda irin wannan sauyi, littafi na nuna komai lafiya. Shi ya sa masana a yau ke haɗa ƙirgar gashi da gaɓoɓi da gwajin DNA kafin su tabbatar da sunan kowace tsutsa.