Ƙofar Kyanwa: Yadda Za Mu Rufe Gida Ba Mu Tauye Haƙƙin Dabba Ba



A gidajen ƙasa da iyayenmu suka tashi a cikinsu, ba wanda ya taɓa zama yana shawarar inda kyanwa za ta bi. Ƙofar ɗaki asabari ce, ƙyauren zaure yana da rata a ƙasa, ga rariya a gindin katanga, ga danga da ba ta wuyar haurawa. Kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa ko mage, takan shiga inda take so, ta fita sa'ad da ta ga dama, ta kwana tana zagayar rumbu. Yau kuwa, a unguwanni da dama na Yamai, Maraɗi da Damagaram, gini ya koma na siminti, ƙofofi na ƙarfe, tagogi an rufe su da raga saboda sauro. Wannan alheri ne ga tsaron iyali, sai dai ya zo da wata matsala da ba mu cika kula da ita ba. Idan aka ja sakata, ko dai a kulle kyanwa a ɗaki ta yini ba ruwa, ba wurin da za ta yi bahaya, ko kuma a kulle ta waje, kusu ya samu sake a cikin buhunan hatsi.

Maganin wannan matsala ƴar ƙaramar ƙofa ce da ake yanka a ƙasan babbar ƙofa, daidai jikin kyanwa, a sa mata marfi mai lilo wanda ke komawa ya rufe da kansa. Faransawa na kiranta «chatière». A wannan maƙala za mu duba dalilin yin ta, da ƙofar da ta dace a yanka, da yadda ake aikin.

Abin da ya sa batun ya shafe mu

Wani zai ce wannan ai shagalin Turawa ne. Amma wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (Allah Ya yarda da su) labarin matar da aka yi wa azaba saboda wata kyanwa da ta tsare har ta mutu: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Laifin ya ƙunshi abu biyu, hana abinci da hana hanya. Iyalin da ya rufe ɗaki ya tafi biki ko ta'aziyya wani gari na kwana uku, kyanwa tana ciki ba a sani ba, ya kusanci wannan haɗari ba da niyya ba.

Haka kuma, a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya tabbatar da cewa ita ba najasa ba ce, domin tana daga cikin masu kai da komowa a tsakaninmu. Dabbar da aka siffanta da kai da komowa tana buƙatar hanyar da za ta bi.

Akwai kuma amfanin da ke dawo mana. Kusu yana cin hatsi, yana ɓata wanda bai ci ba da fitsari da kashi, yana tauna tufafi da littattafai da wayoyin lantarki. Zazzaɓin Lasa, wanda aka gano a garin Lasa na arewa maso gabashin Najeriya a 1969, ta hanyar fitsari da kashin wani nau'in kusu yake kama mutane. A cikin matakan rigakafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa akwai adana hatsi a mazubi mai marfi, da nisantar da shara daga gida, da kiwon kyanwa. Amma kyanwar da aka hana ta shiga ɗakin ajiya ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi.

Dabara ce mai tsohon tarihi

Mutanen da suka riga mu zama a gidaje masu ƙofofin katako sun daɗe da gano wannan hanya. A ƙauyukan Faransa har yanzu ana ganin tsofaffin ƙofofin rumbuna da na ɗakunan dabbobi masu kewayayyen rami a ƙasa. A babbar majami'ar birnin Ekseta da ke Ingila akwai wata ƙofa da ke kaiwa ga injin agogo, mai irin wannan rami, wanda aka yanka fiye da shekara 400 da suka wuce domin kyanwa ta riƙa korar kusan da ke ɓarna a wurin. Littattafan lissafin kuɗin majami'ar na ƙarni na 14 da na 15 sun nuna ana ware dinari guda na kuɗinsu kowane mako saboda kyanwa. Abin da zamani ya ƙara a kan wancan rami shi ne marfi da makulli.

Wace ƙofa ya kamata a yanka?

Nan ne hankali ke aiki, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Shawararmu ita ce a fara da ƙofar cikin gida, wato ta ɗakin ajiya ko wadda ta haɗa falo da tsakar gida, a bar ƙofar da ke fuskantar titi yadda take. Ta haka kyanwa za ta samu ruwa da inuwa da wurin bahaya, ta kuma kai ga inda kusu yake, alhali gidan yana nan a rufe.

Idan dole sai an yanka ƙofar waje, a tabbata hannun mutum ba zai iya kaiwa daga ramin zuwa sakata ko makulli ba, ko da ya haɗa da sanda ko waya. Kada a bar mabuɗi a jikin ƙofa da dare, kada kuma a rataye shi kusa da ita. Wanda yake zaune a gidan haya ya nemi izinin mai gida tukuna, domin ƙofar ba tasa ba ce, kuma ya kyautu su daidaita tun farko kan wanda zai gyara ta ranar da za a tashi. Ƴan uwanmu da ke zaune a gidajen bene na Turai su sani cewa wasu ƙofofin an ƙera su ne musamman don tare gobara da hayaƙi, irin waɗannan ba a huda su sam.

Ire-iren ƙofar kyanwa

Mafi sauƙi ita ce mai marfi kawai, wanda ke lilo gaba da baya. Kafinta ko mai walda zai iya ƙera ta da guntun falanki marar nauyi ko roba mai kauri. Sai mai makulli kashi huɗu: a buɗe ta baki ɗaya, ko a rufe ta baki ɗaya, ko a bar shiga kaɗai, ko fita kaɗai. Akwai mai aiki da maganaɗisu da ake ɗaura wa kyanwa a wuya, sai dai igiyar wuya takan maƙale a reshe ko ta faɗi ta ɓace.

Ta ƙarshe ita ce mai karanta wata ƴar na'ura da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, wadda likitan dabbobi ke sa wa kyanwa a ƙarƙashin fata. Na'urar tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, ƙofar kuma ba ta buɗewa sai ga kyanwar da aka yi wa lambarta rajista. Wannan ta yaɗu a Turai, har doka ta shigo ciki: Faransa ta wajabta sa wa kyanwowi shaida tun 2012, Ingila kuma ta wajabta sa wannan na'ura daga 10 ga Yuni, 2024. Irin wannan ƙofa tana aiki da batir, tana da tsada, kuma ƙarfe yana raunana karatunta. Ga gidajenmu masu ƙofofin ƙarfe da ƙurar hunturu, marfi mai sauƙi da ƴar sakata ya fi dacewa, ya kuma fi daɗewa.

Yadda ake aikin

Da farko a auna kyanwar tana tsaye, daga ƙasa zuwa cikinta. Ga mafi yawan kyanwowi tsayin yakan kama santimita 10 zuwa 15, kuma a nan ne ƙasan ramin zai tsaya. In ya yi sama za ta riƙa tsalle tana shan wuya, musamman idan ta tsufa ko tana da ciki. In ya yi ƙasa ƙwarai zai raunana gindin ƙofar, ruwan sama kuma ya samu hanya. Faɗin ramin da tsayinsa kimanin santimita 15 sun ishi kyanwa madaidaiciya. Idan daɓen ciki ya fi na waje tudu, a auna ta ɓangarorin biyu, a ajiye bulo ko dutse a inda ya yi ƙasa ya zama matakala.

Na biyu, a yanka kwali daidai girman ramin, a manna shi a tsakiyar ƙasan ƙofar, a tabbata bai karkace ba, sannan a zana gefensa. Ƙofofin da ake sayarwa a shago sukan zo da takardar awonsu, ita za a bi. Ya fi sauƙi a cire ƙofar a shimfiɗa ta kafin a fara yanka.

Na uku, in ƙofar katako ce, a huda kusurwoyi huɗu na zanen, a zura siririn zarto ta ɗaya daga cikin hudojin, a bi layi a hankali har guntun ya fita, sannan a goge gefen ya yi sumul. Wasu ƙofofin zamani fanko ne a ciki, falanki biyu ne da iska a tsakani. Irin waɗannan sai an cike gefen ramin da katako, in ba haka ba kyankyasai da ƙwari za su mayar da cikin ƙofar gidansu.

In kuwa ƙofar ƙarfe ce, aikin mai walda ne. A nemi ya goge kaifin gefen da magagari, ya zagaye shi da roba, ya shafa fentin hana tsatsa. Gefen ƙarfe mai kaifi yana yanka cikin kyanwa, yana kuma yanka yatsun yara. A kuma lura cewa ƙarfen da rana ke duka a watan Afrilu da Mayu yana ƙuna, saboda haka a zaɓi ƙofar da ke cikin inuwa. Ƙofar gilashi kuwa kada a gwada yanka ta a gida, domin gilashin da aka ƙarfafa da wuta tarwatsewa yake yi da zarar an soma huda shi, sai dai a yi odar sabo mai rami tun daga masana'anta. Wanda yake cikin gini yanzu ya faɗa wa mai walda tun kafin ya haɗa ƙofar. Tun ran gini ran zane.

Na huɗu, a rataye marfin ta sama yadda zai yi lilo ba tare da ya goga gefe ba. Ya kasance marar nauyi, yadda kyanwa za ta ture shi da kai, amma a sa ɗan maganaɗisu a ƙasansa don iska kada ta riƙa kaɗa shi. A toshe duk wata rata da ta saura a gefe, sannan a sa ƴar sakata ta ciki.

Koya wa kyanwa

Kyanwa ba ta son a tilasta ta. Wanda ya kama ta ya cusa ta ramin da ƙarfi zai sa ta tsorata da wurin. A ɗaure marfin a buɗe na ƴan kwanaki, a ajiye ɗan abinci a ɗaya gefen, a kira ta. Bayan ta saba da wucewa, a sassauto marfin kaɗan kaɗan har ta koyi turawa. Wata ta gane a yini guda, wata sai ta yi mako biyu. Wannan aiki ne da ya dace a damƙa wa yara, domin a cikinsa za su koyi haƙuri da tausayin abin da ya fi su rauni.

Abubuwan kiyayewa

Ramin da kyanwa ta bi, wani ma zai iya bi. Da damina, lokacin da macizai da kunamu ke neman mafaka, a riƙa duba marfin kowace yamma ko yana rufewa sosai, domin ƴar rata ta ishi sauro da ƙananan halittu. Kada a yi ramin a ƙofar ɗakin da jariri ke kwana.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Kyanwar da ke yawo tana iya kama ƴan tsaki ko tattabarun mutane, kuma ƙananan abubuwa irin waɗannan sun sha ɓata zumunci. An fi samun farautarta da magariba da asuba. Tsarin da muka ga ya fi adalci shi ne a rufe mata hanyar waje tun kafin faɗuwar rana, a bar ta ɗakin ajiya a buɗe, ta yi farautarta a inda ake buƙata.

Kyanwar da ke fita tana cuɗanya da wasu dabbobi, don haka a kai ta ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake iya yi tun tana da wata uku. Kada a zuba gubar kusu a ɗakin da take shiga, domin in ta ci kusun da ya ci guba ita ma za ta cutu. Abinci da garin tuwo su zauna a rufe. Mace mai juna biyu kuma ta bar wa wani aikin kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikinsa tana iya cutar da ɗan tayi.

Dukan aikin bai wuce na yini guda ba. Wanda ya yi shi zai rufe ƙofarsa ya tafi kasuwa ko ya yi tafiya hankalinsa kwance, ya san hatsinsa yana da mai gadi, kuma bai bar wata rai tana kuka a bayan sakata ba. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.