Kafin Mai Reno Ta Ce "Ku Kawo Shi"

Tun shekarar 2019 Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince wa ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida. To, idan hutun ya ƙare, ina za a bar jariri? A Unguwar Rimi, inda malaman makaranta, ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa ke fita tun da sassafe, iyaye da dama kan nufi gidajen matan da ke renon yara a cikin gida.

Mu ɗalibai mukan ɗauka cewa da zarar an biya kuɗi, shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Mai reno takan fara zama da iyaye, ta tambayi watannin yaron, abincin da yake ci, ko yana da sikila ko asma, da lokacin kawo shi da na ɗaukarsa. Mai hankali ba ta yanke shawara nan take, sai ta nemi a ba ta kwana biyu.

Abu na farko da take aunawa shi ne hannu. Jariri yana buƙatar goyo, ciyarwa da canjin nafkin a kai a kai. Idan tana da jarirai biyu ita kaɗai, na uku zai sa wani ya yi ta kuka babu mai ɗaukarsa.

Na biyu shi ne katin rigakafi. A Najeriya ana yi wa yaro allurar ƙyanda ta farko ne yana da wata tara. Ke nan ɗan wata shida ba shi da wannan kariya tukuna, lafiyarsa ta dogara ga allurar sauran yaran da ke ɗakin. Shi ya sa mai reno kan dage sai ta ga katin.

Na uku shi ne halin iyayen. Sun amsa tambayoyi da gaskiya? Lokacin tashinsu daga aiki ya dace da lokacin da take rufewa? Idan tana shakka, takan ba da gwajin mako guda.

Mafi wuya shi ne cewa a'a, musamman ga maƙwabciya ko 'yar uwa, domin kunya tana da nauyi a wurinmu. Amma karɓar yaron da ba za a iya kula da shi ba cin amana ne. Gara ta ce babu wuri yanzu, ta nuna musu wani gidan.

Mu ma muna da rawar takawa, tunda sau da yawa mu ake aika ɗauko ƙanne. Idan sunanka aka bayar, kada ka tura aboki a madadinka. Idan ƙanwarki ta kwana da zazzaɓi, ki faɗa wa mai reno kafin ki miƙa ta.