Me ya sa jijiyar zuciya ke sake tsukewa bayan aikin leza?

Idan kitse ya toshe jijiyar da ke kai wa zuciya jini, likita kan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi har wurin toshewar. Bakin bututun yana fitar da hasken leza da ke cinye kitsen kaɗan-kaɗan. Da jin haka sai ka ce an gama.

Da sauran rina a kaba. Aikin yana ƙuje bangon jijiyar, jiki kuwa rauni ya gani. Sai ƙwayoyin bangon su yi ta ninkuwa don su rufe shi, kamar yadda tabo ke tasowa a fata, har hanyar ta sake tsukewa, galibi cikin wata 6. Gwaje-gwajen da aka yi a Turai a shekarun 1990 sun nuna leza, duk da tsadarsa, bai fi buɗe jijiya da balan-balan ba. Abin da ya rage matsalar sosai shi ne 'yar ragar ƙarfe mai sakin magani, wadda Amurka ta amince da ita a 2003.

Agogonka mai auna bugun zuciya ba ya ganin wannan tsukewar. Idan babanka ya sake jin ciwon ƙirji wajen tafiya ko hawa bene bayan aikin, a kai shi asibiti a ranar.