Asirin Yaƙi da Haƙƙin Majalisar Dokoki

A cikin watan Yuni na 2013 samarin wasu unguwannin Maiduguri suka tashi da gora da adda suka shiga farautar 'yan Boko Haram da ke sajewa cikin jama'a. Nan da nan aka laƙaba musu suna 'yan ƙato da gora. Amma makaminsu na gaske shi ne sanin gari, domin sun san ɗan wane ne wane, sun kuma san gidan da baƙo ya sauka da dare, abin da sojan da aka kawo daga wata jiha ba shi da hanyar sani. Ba a daɗe ba mayaƙan suka bar birnin suka koma daji. Da garuruwa irin su Gwoza da Bama suka faɗa hannunsu a 2014, sai aikin ya ƙara shiga duhu, gama bayan waɗanda ake gani a shingayen hanya akwai waɗanda ba a gani, watau manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da ke zaune ƙarƙashin abokan gaba suna aiko da labari a ɓoye. Duk wanda aka gane a cikinsu, kisa ne hukuncinsa.

Babu mai hankalin da zai ce a karanta sunayen irin waɗannan mutane a zauren Majalisa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tambayar da ke gaban ɗalibi da ma'aikacin gwamnati ita ce: idan hukuma ta ɗauki farar hula ta ba su kuɗi, ko makami, ko izinin kama mutum, ta kuma lulluɓe al'amarin da sunan asirin yaƙi, ina iyakar wannan asiri, kuma mene ne wakilan jama'a ba su da ikon yafe saninsa?

Jihar Jigawa ba ta ga yaƙi irin na Borno ba, ko da yake wutar ta lashi gefenta, kamar harin da aka kai Gwaram ta ƙasar Dutse a watan Afrilu na 2014. Wannan sauƙi da Allah ya yi mata shi ne ya ba Majalisar Dokokinta, mai wakilai 30, damar yin tunani da sanyin rai, abin da jihohin da gobara ta riga ta kama ba su samu ba. A Zamfara da Sakkwato 'yan sa kai sun fara ne da kare ƙauyukansu daga ɓarayin shanu, ba tare da doka ko rajista ko wani shugaba da za a tuhuma ba. Sannu a hankali wasu cikinsu suka koma kama Bafulatani a kasuwa su kashe shi ba shari'a, 'yan bindiga su kuma su huce a kan ƙauye sukutum. A watan Oktoba na 2021 an kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, kwanaki kaɗan bayan 'yan sa kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Sakkwato ta haramta ƙungiyar. Katsina ta ɗauki wata hanya a 2023, ta kai batun gaban Majalisarta aka yi doka, sa'an nan aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba. Dokar ba ta mai da kowa waliyyi ba, amma dai ta samar da wanda za a kira a tambaya.

Domin a ga ƙarshen irin wannan labari, ya kamata a leƙa Turai, inda aka yi shi a tsanake, da takardu, har asirin ya tonu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen Yammacin Turai sun ji tsoron sojojin Tarayyar Sobiyet su mamaye su, saboda haka suka shirya ƙungiyoyin ɓoye waɗanda za su zauna a bayan abokan gaba idan ƙasa ta faɗi, su riƙa aika labari suna ɓata hanyoyi da gadoji. Ta Italiya ita ake kira Gladio, watau gajeren takobin sojan Rum, kuma an tsara ta a 1956 tsakanin hukumar leƙen asirin sojan Italiya da ta Amurka. Mamayar da ake tsoro ba ta zo ba, ƙungiyar kuwa ta ci gaba da zama shekara 34 Majalisar ƙasar ba ta taɓa yin muhawara a kanta ba. Wani alƙali mai suna Felice Casson, da ke bin diddigin bam ɗin da ya kashe jami'an tsaro 3 a Peteano a 1972, shi ya ci karo da takardunta, har Firayim Minista Giulio Andreotti ya amsa a gaban Majalisa a 1990 cewa akwai ta, da mutum 622 da rumbunan makamai 139 da aka binne. Kotu ba ta tabbatar cewa Gladio ce ta dasa bama-baman da suka addabi Italiya a wancan zamani ba. Sai dai zargin ya manne mata, domin abin da aka ɓoye shekara da shekaru ba shi da mai shaidar da jama'a za su yarda da shi.

Na ƙasar Suwizalan ya fi koyar da darasi. Can ma akwai ƙungiya mai suna P-26, mai mutum wajen 400, kuma akwai 'yan Majalisa ƙalilan da aka zaɓa aka sanar da su. Da kwamitin bincike na Majalisar ya duba a 1990, sai ya tarar babu wata doka da ta kafa ƙungiyar, kuɗinta kuma ana ɓoye su ne cikin wasu sassan kasafin soja, 'yan Majalisar da aka sanar ɗin kuwa masu ba da shawara ne kurum, ba su da ikon hanawa, ba su da bakin faɗa wa 'yan'uwansu. Watau an ba su asirin ne domin ya ɗaure su. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara aka rushe ƙungiyar.

Daga nan ana iya rarrabe abubuwan da ake cusawa cikin buhu ɗaya a kira su asiri. Sunan mai kawo labari da wurin da aka ajiye makami da ranar da za a kai farmaki, waɗannan asiri ne na halal, bayyana su kisan kai ne. Amma kasancewar ƙungiyar kanta, da dokar da ta tsaya a kai, da yawan kuɗin da take ci, da jami'in da ke ba ta umarni, ɓoye waɗannan ba ya kare ran kowa a fagen fama. Wanda yake karewa shi ne mai riƙe da jakar kuɗin.

A Nijeriya wannan jaka tana da suna sananne, kuɗin tsaro, waɗanda Shugaban Ƙasa da gwamnoni har da shugabannin ƙananan hukumomi ke kashewa yadda suka ga ya dace ba tare da kawo rasit ba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa suna kai dala miliyan 670 a shekara. Daga irin wannan jaka ake sallamar mai kawo labari da ɗan sintiri, daga cikinta kuma ake iya ciyar da 'yan bangar siyasa, kuma wanda ke waje ba shi da yadda zai bambanta. A watan Afrilu na 2017 hukumar EFCC ta samu tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi ta Legas, sai hukumar leƙen asirin ƙasashen waje ta ce nata ne, na ayyukan ɓoye. Kwamitin da ya bincika na ɓangaren zartarwa ne, ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa, kuma a watan Oktoba aka sallami shugaban hukumar. Tushen matsalar tsoho ne, domin dokar da ta kafa hukumomin leƙen asirin ƙasar nan dokar soja ce ta 1986, an yi ta lokacin da babu Majalisa sam, sa'an nan sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya killace ta yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar gyaran Tsarin Mulkin kansa.

Duk da haka Majalisar jiha ba hannu rabbana take ba. Sashe na 120 ya hana fitar da ko kwabo daga baitulmalin jiha sai da izinin doka. Sashe na 125 ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi ya miƙa rahotonsa ga Majalisa. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincike domin tona cin hanci da almubazzaranci, na 129 kuma ya ba ta ikon kiran kowa ya ba da shaida, ta sa a kamo shi idan ya ƙi zuwa. Akwai kuma sashe na 227, wanda ya hana kowace ƙungiya horar da mutane ko ba su kayan faɗa domin cimma burin siyasa, kuma wanda ya san tarihin 'yan banga a Kano da kewayenta tun zamanin NEPU da NPC ya san ba don ado aka rubuta shi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wakilin da zai tashi ya yi tambaya alhali gwamna ɗan jam'iyyarsa ne.

Hanyar haɗa asiri da bincike ba ta da wuyar fahimta. Majalisa na iya kafa ƙaramin kwamiti, da 'yan adawa a ciki, wanda zai zauna ƙofa a rufe, ya ga lissafin kuɗi dalla-dalla ba tare da sunayen masu kawo labari ba, ya kuma kasance yana da ikon dakatar da kuɗin da kai rahoto zauren Majalisa, don kada ya zama irin na Suwizalan. Shi kuma ma'aikacin da ya yi rantsuwar riƙe sirri, ya kamata ya san cewa rantsuwar ta hana shi kai takarda kasuwa ne, ba ta halatta masa sa hannu a kan kuɗin da babu dokar da ta ba da izininsu ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne ranar gamawa. Kafa runduna lokacin tsoro abu ne mai sauƙi, sallamarta ke da wuya, domin saurayin da ya saba da bindiga da alawus da gaisuwar mutane ba ya son komawa gona. Saboda haka duk dokar da za a yi a Dutse ko wani wuri game da 'yan sintiri ko 'yan sa kai, ya dace ta ƙunshi wa'adin da za ta faɗi da kanta in Majalisa ba ta sabunta ta ba, da rajistar kowace bindiga a hannun jami'i guda da aka ambata, da tanadin sana'a ga waɗanda za a sallama. Italiya tana da rajista da taswira da hafsoshi masu horo, amma da aka tashi kwashe rumbunan Gladio a farkon shekarun 1970, guda 127 aka iya tonowa daga cikin 139.