Ruwan Tiga na wuce Kura, masu casa na ƙona dizal

Duk kwanon shinkafar Kura da aka auna a Kasuwar Rimi, akwai kuɗin man dizal a cikinsa, domin da shi yawancin injinan casa ke aiki. Alhali tun ƙarni na 18 masu casa a yankin Nada na Japan suka ɗora wannan aiki a kan wilin katako, ruwa na juya shi, shi kuma yana ɗaga taɓare yana saki.

Wilin ya fi buƙatar gangara a kan yawan ruwa, ƙasar Kano kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Sai dai ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da kansa yake bin magudana har gonakin Kura, ba injin da ke tura shi. Ko wannan gangara za ta iya juya wili? Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da magudanar, ita ya kamata ta auna.