Bayan Wuta Ta Mutu, Ina Za A Kai Tokar Nukiliya?

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san arzikin Nijar da ke tsallako iyaka: raƙuma, shanu, kanwa. Akwai wanda ba ya biyowa ta nan, wato yuraniyom ɗin Arlit, da ake haƙa tun 1971, aka kuma daɗe ana kaiwa Faransa domin samar da lantarki. To, idan ya gama aiki, ina ake kai shi?

Tun farko dunƙula shi ake yi ƙanana-ƙanana, a jera cikin siraran bututu na ƙarfen zirkoniyam, su zama sanduna. Bayan 'yan shekaru a tashar nukiliya ƙarfinsa ya ragu, amma zafinsa da haskokinsa masu kisa suna nan daram. Sai a tsoma sandunan a tafkin ruwa kamar shekara 5, sannan a ƙasashe da dama a mayar da su busasshen ma'aji: ganga ta ƙarfe da aka tsane ruwanta sarai, aka cika da iskar hiliyam, aka like bakinta, aka kewaye da kankare mai kauri. Iskar gari ke sanyaya ta, ba inji ba lantarki. Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san wannan daga rumbunsa: danshi ne abokin gaba.

Amurka ta fara wannan ajiya a Surry a 1986, kuma gangunan Fukushima sun tsira daga ambaliyar 2011. Dabarar tana aiki. Sai dai a Amurka lasisinta na shekara 40 ne, a sabunta in ya ƙare, alhali fulutoniyam ɗin da ke ciki sai ya shekara kusan 24,000 kafin rabinsa ya gushe. Masana na sa ido kan haidirojin da ke sa bututun gautsi, da gishirin teku mai tsaga gangar sannu a hankali. Shi ya sa Finlan ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 a Onkalo domin binne sharar.

Mu ma abin ya taɓa mu. Ƙaramin injin binciken nukiliya na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya fara aiki a 2004, kuma a 2018 aka mayar wa Sin tsohon makamashinsa. Wancan kaɗan ne. Babbar tasha irin wadda Najeriya ta ƙulla yarjejeniyarta da Rasha a 2017 tana fitar da tan-tan na shara duk shekara. Mutanen Gumel suna son wuta kamar kowa, amma su tambayi wakilansu a majalisa: wa zai riƙe sharar, kuma da kuɗin wa?